Warin jiki da ƙaiƙayin kare: Ku kula tun ciwon bai tsallaka kan yara ba

A unguwanni da dama na Maiduguri, daga GRA zuwa Bulumkutu da rukunin gidaje na 202 da 303, ba abin mamaki ba ne a ji haushin kare a bayan get. Wasu don gadi suka ajiye shi, wasu don farauta, wasu kuma yaran gida ne suka shaƙu da shi tun yana ɗan kwikwiyo. Amma da zarar ya fara wari, gashi na zuba, yana ta susa dare da rana, sai a ja shi can ƙuryar gida a ɗaure, a ce ai da ma kare ya gaji wari. Maganar ba haka take ba. Lafiyayyen kare yana da ɗan warinsa na halitta, amma ɗoyin da ke korar mutum daga tsakar gida alama ce ta ciwo, kuma wasu daga cikin waɗannan cututtuka suna kama yara.

Daga ina warin yake fitowa?

Kafin ku ɗauko bokiti da sabulu, ku fara gano inda warin yake. Idan daga fata ne, za ku ji tsami-tsami, jikin ya yi maiƙo, wani wurin ya yi ja ko ya yi baƙi ya yi kauri. Akwai ƙananan ƙwayoyin cuta da ke zaune a fatar kowane kare ba tare da sun cutar da shi ba, amma idan susa ta ɓare fatar, ko jikin ya daɗe da danshi, sai su yi ta hayayyafa. Su ne suke kawo warin.

Idan karen yana yawan kaɗa kai yana sosa kunne, ku leƙa ciki. Baƙin datti mai wari ko mugunya na nuna kunnen ya kamu. Warin baki kuma yawanci daga dattin haƙori ne da kumburin dasashi. Idan ƙarni kuke ji kamar na ruɓaɓɓen kifi, kuma yana jan gindinsa a ƙasa, to akwai wasu 'yan jakunkuna biyu a gefen duburarsa da kan toshe, likitan dabbobi ne zai matse su. Kada ku manta da wuya. Sarƙa ko igiyar da ta matse kan yanka fata a ƙarƙashin gashi, ƙuda ya yi ƙwai a ciwon, tsutsa ta shiga ba wanda ya sani.

Kowane lokaci da matsalarsa

A bazara, daga Maris zuwa Mayu, zafin Maiduguri kan wuce digiri 40. Karnukan waje masu yawan gashi, irin karen Jamus da ake sayowa don gadi, sun fi shan wahala. Sukan nemi wurin da ruwa ya kwanta su kwanta a ciki, jiki ya jiƙe bai bushe ba, fata ta fara ruɓewa.

Da damina, daga Yuni zuwa Satumba, kaska da ƙuma suke yin yawa. Lokacin ne kuma wani irin ƙuda yake yin ƙwai a yashin da fitsari ko kashi ya ɓata. Idan kwikwiyo ya kwanta a wurin, tsutsar sai ta huda fatarsa ta zauna, wurin ya kumbura kamar maruru mai ɗan rami a tsakiya. Wannan ƙudan yana yin ƙwai a jiƙaƙƙen tufafin da aka shanya a ƙasa, shi ya sa gugar kayan yara yake da muhimmanci. Da hunturu kuwa, iska da ƙura ke busar da fata, ta yi ta saɓa tana ƙaiƙayi.

Abokan gaba guda huɗu

Na farko kaska. Ku duba cikin kunne, tsakanin yatsu da hammata. Irin kaskar da ta fi addabar karnuka tana iya yin duk rayuwarta a cikin gida, mace ɗaya ta zuba dubban ƙwai a tsagar bango. Gidajen da ambaliyar madatsar ruwa ta Alau ta watan Satumban 2024 ta tsattsaga wa bango, su ne ya kamata su fi lura da wannan. Ban da shan jini, kaska tana sa wa kare zazzaɓi mai cinye jini. Za ku ga ya daina cin abinci, dasashinsa ya yi fari, wani lokaci fitsarinsa ya yi duhu.

Na biyu ƙuma. Wadda kuke gani a jikinsa kaɗan ce. Mafi yawa suna nan a matsayin ƙwai da 'yan tsutsotsi a cikin buhu ko tsumman da yake kwana a kai. Ƙuma tana cizon mutane, musamman a ƙafa.

Na uku ƙazuwa. Wasu ƙananan ƙwari ne da ido ba ya gani. Akwai mai tsananin ƙaiƙayi da ke farawa daga gefen kunne, gwiwar ƙafar gaba da ciki. Ita tana yaɗuwa tsakanin karnuka, tana kuma fesa wa mai rungumar karen ƙuraje masu ƙaiƙayi a hannu da ciki. Akwai wata kuma da ta fi kama kwikwiyo, tana zubar da gashi a kewayen ido da baki, amma ba ta kama mutum. Da ido ba a rarrabe su da tabbas, sai an kankari fata an duba a na'ura.

Na huɗu makero. Gashi ya zube a zagaye kamar kwabo, wurin ya yi fari-fari. Yaro kan ɗauka daga kare ko kyanwa, ya fito masa a kai ko a fuska. Idan kun ga haka a jikin yaro da na kare a lokaci guda, dukansu biyu ke bukatar magani, kowa a asibitinsa.

Abubuwan da ba a yi

Baƙin mai da kananzir da wasu ke shafa wa kare mai ƙazuwa suna ƙona fata, kuma idan ya lashe sun shiga cikinsa. Fiya-fiya da sauran magungunan ƙwari na gona guba ne. Sukan sa kare dalalar da miyau, jiki ya yi ta rawa har ya mutu, ga haɗari ga yaron da ya taɓa shi. Maganin wankan shanu ko allurar kashe ƙwari da aka auna da ka, ba bisa nauyin karen ba, tana iya kashe kwikwiyo. Garin sabulun wanki yana kwashe man da ke kare fata, ƙaiƙayi ya ƙaru. Haka nan kada a ba kare farasitamol ko wani maganin ciwon jiki na mutane ba da izinin likita ba.

Abin da za ku iya yi a gida

Lafiyayyen kare wanka sau ɗaya a wata ya ishe shi, da sabulun da aka yi don karnuka. Idan likita ya rubuta sabulu mai magani, a bar kumfar a jiki kamar minti 10 kafin a ɗauraye, a kiyaye ruwa shiga kunne, sannan a tsane shi sosai. A riƙa taje gashinsa sau biyu ko uku a mako, a nan ne za ku ga kaska da ciwo da wuri.

Wajen cire kaska, babba ne zai yi, ba yaro ba. A sa safar hannu ko leda, a kama ta dab da fata da ɗan hantsaki, a ja a hankali, a jefa ta cikin kwalba mai kananzir. Ba a murje ta da farce.

A wanke makwancinsa duk mako a shanya a rana, a share kashi kullum, a toshe tsagar bango da siminti. A sama masa inuwa da ruwa mai tsabta. Batun abinci kuma, ƙanzo da sauran tuwo kaɗai ba sa gina fata. A haɗa masa da dafaffen nama, kifi maras ƙaya ko ƙwai, a kuma guji miya mai yawan albasa, domin albasa tana lalata jinin kare. Yara su wanke hannu da sabulu bayan wasa da shi, kuma kada ya hau shimfiɗarsu.

Yaushe za a je asibiti?

Idan wari ya dawo kwana biyu ko uku bayan wanka, ko akwai mugunya, tsutsa, zubar gashi mai faɗaɗa, rama ko ƙin cin abinci, lokacin zaman gida ya wuce. Jami'ar Maiduguri tana da asibitin koyarwa na dabbobi, akwai kuma asibitin dabbobi na gwamnatin jiha. Maganin ƙazuwa da na makero kan ɗauki makonni. Yawancin masu cewa ciwon ya dawo, sun tsayar da magani ne da ganin gashi ya fara tsirowa.

Tun da kun je, ku nemi allurar rigakafin ciwon haukan kare. Ana fara ta da wata 3, a riƙa sabuntawa duk shekara. Kare mai ciwo a kunne ko fata yana saurin cizo idan an taɓa wurin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce wannan cuta tana kashe kimanin mutum 59,000 a shekara, kusan kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Idan kare ya ciji wani ko ya yakushe shi, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na tsawon minti 15, a tafi asibiti a ranar, ko da karen na gida ne.

Malamai sun bayyana halaccin ajiye kare don farauta da tsaron dabbobi da gona, sun kuma sha tunatar da mu labarin mutumin da Allah Ya gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa. Duk wanda ya ɗaure dabba a gidansa, cinta da shanta da lafiyarta suna wuyansa. Ku ware minti 5 a ƙarshen makon nan ku duba kunne, wuya da tsakanin yatsun karenku.