Ƙwararrun da ke bayan hasashen yanayi na wayar salula

Manhajar yanayi da ke cikin waya kan nuna zafin gobe da yiwuwar ruwan sama nan take. Sai dai kafin lambobin su iso fuskar waya sun bi ta hannun ƙwararru iri-iri, kuma aikin da yawansu ya fi kusa da injiniyanci da kwamfuta fiye da karanta hasashe a talabijin.

Aikin yana farawa ne daga masu awo. Su ke kula da na'urorin auna zafi, iska, laima da ruwan sama. A manyan tashoshi sukan saki balan-balan mai ɗauke da na'ura, yawanci sau biyu a rana, ta haura kusan kilomita 30 tana aiko bayanai ta rediyo. Akwai kuma masu fassara hotunan tauraron ɗan'adam irin Meteosat, wanda ke kallon Afirka daga nisan kusan kilomita 36,000.

Bayanan nan sai su koma hannun masu lissafin hasashe, waɗanda ke rubuta manhajojin da manyan kwamfutoci ke kwaikwayon motsin iska da su. Cibiyar hasashe ta Turai, ECMWF, ta girke nata kwamfutocin a Bologna ta Italiya. A 2023 Google DeepMind ya fitar da GraphCast, ƙirƙirarriyar basira mai hasashen kwana 10 cikin ƙasa da minti ɗaya, wadda aka horar da bayanan kusan shekara 40 na wannan cibiya. Wannan ya ƙara buƙatar masu iya sarrafa bayanai.

Wasu kuma aikinsu mayar da hasashe shawara ne. Masanin yanayin jiragen sama shi ke sanar da matuƙi nisan da ido zai iya gani idan hazon hunturu ya rufe filin jirgi irin na Kano. Masanin yanayin noma na hasashen faɗuwar damina da ɗaukewarta, kamar yadda hukumar NiMet ke fitarwa kowace shekara. Kuskure a nan kan sa manomi ya yi asarar iri. Cibiyar AGRHYMET da ke Yamai, wadda aka kafa a 1974 bayan farin da ya addabi Sahel, tana horar da irin waɗannan ma'aikata tare da masu bibiyar ruwan koguna da ambaliya. Masu nazarin sauyin yanayi kuwa da matsakaicin awon shekara 30 suke aiki.

Mai sha'awar fannin na buƙatar lissafi da fiziks, sai yaren kwamfuta irin Python. Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Akure tana bayar da digiri a ilimin yanayi, NiMet kuma tana da makarantun horo a Oshodi ta Legas da Katsina.