Karatun likita: Yadda zama ɗalibin cikakken lokaci ke shafar makin neman gurbi a Kudancin Kaduna

A shekarar 2025 Gwamnatin Tarayya ta amince da mayar da Babban Asibitin Sir Patrick Ibrahim Yakowa da ke Kafanchan ya zama Cibiyar Lafiya ta Tarayya, ta kuma kafa sabuwar jami'ar tarayya a Kachia. Waɗannan matakai biyu sun sake tado da tsohon burin iyaye a Kudancin Kaduna, na ganin ɗan gida ya zama likita. Sai dai ba duk masu wannan buri ne suka fito daga sakandare jiya ba. A cikinsu akwai ma'aikatan jinya da suka gama Kwalejin Koyon Aikin Jinya da Ungozoma ta Kafanchan, da malaman makaranta da suka fito daga Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya, da matasan da cutar citta ta 2023 ta karya jarin iyayensu, har ya zama dole su haɗa karatu da neman abinci. Da yawansu sun koma karatun rabin lokaci, wanda ake yi da yamma ko a ƙarshen mako ko lokacin hutu. Tambayarsu ɗaya ce: makin da aka tara ta wannan hanya zai kai mutum ajin likitanci?

Amsar tana da fuska biyu. Akwai lissafin makin kansa, akwai kuma ƙofar da za a kai makin a nuna.

A yawancin jami'o'in Najeriya ana auna ɗalibi ne da ma'aunin maki biyar. Wanda ya ci 70 zuwa sama a darasi ya samu A, wato maki 5. 60 zuwa 69 B ne, maki 4. 50 zuwa 59 C ne, maki 3. Haka ake sauka har zuwa F, wanda ba shi da maki ko ɗaya. Kowane darasi yana da nauyinsa, wanda ake kira yunit. Ana ninka makin darasi da yunit ɗinsa, a tara duka, a raba da jimillar yunit ɗin da ɗalibi ya yi rajista. Abin da ya fito shi ne matsakaicin makin zango, GPA, idan kuma aka haɗa dukkan zangunan da aka yi sai ya zama CGPA. Digiri mai daraja ta ɗaya yana farawa daga 4.50, mai daraja ta biyu babba daga 3.50, ta biyu ƙarama daga 2.40.

Wannan lissafi bai san wane ne ɗalibin cikakken lokaci ba. B na ranar Asabar daidai yake da B na ranar Litinin. Inda bambanci ke shigowa shi ne yawan kayan da aka ɗauka. Bisa ƙa'idar Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, NUC, ɗalibin cikakken lokaci yana yin rajistar yunit 15 zuwa 24 a kowane zango. Na rabin lokaci yana ɗaukar ƙasa da haka, shi ya sa digirin shekara huɗu kan ɗauke shi shekara biyar ko shida.

A ɗauki misalin ɗalibai biyu da kowannensu ya ci B a duk darussansa, sai ilmin sinadarai mai yunit 3 da ya kayar da su. Na farko ya yi rajistar yunit 20: yunit 17 sau 4 ya ba shi 68, a raba da 20, ya tashi da 3.40. Na biyu ya yi rajistar yunit 9 kacal: yunit 6 sau 4 ya ba shi 24, a raba da 9, ya tashi da 2.67. Faɗuwa iri ɗaya ce, amma ta fi yi wa mai ƙaramin kaya rauni a takardar sakamakon wannan zango. Idan an kai ƙarshen digiri, inda dukansu za su tara yunit kusan ɗaya, tazarar takan rufe. Matsalar ita ce mai neman komawa likitanci sau da yawa ba ya jiran ƙarshen digiri. Sakamakon shekarar farko ake dubawa.

Mai cikakken kaya ma yana da nasa tarkon. Darasin da aka faɗi, wanda ɗalibai ke kira kariyoba, ba ya gogewa a yawancin jami'o'i ko da an sake shi an ci; sifirin farko yana nan cikin lissafi. Sannan tun da ba a wuce yunit 24, darasin da aka maimaita yana cinye gurbin wani sabo, sai kaya su yi ta taruwa.

Fuska ta biyu ta fi tsauri. Digirin likitanci, MBBS, ba a yin sa da rabin lokaci a ko'ina a Najeriya, kuma Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa, NOUN, ba ta koyar da shi. Hanyoyin shiga biyu ne, dukansu ta hannun Hukumar Shirya Jarrabawar Shiga Manyan Makarantu, JAMB, wadda tun 2017 take tantance gurabe ta na'urar CAPS. Ta farko ita ce jarrabawar UTME a Ingilishi da Fizik da Kemistri da Bayoloji, tare da kiredit biyar na sakandare da suka haɗa da Lissafi, waɗanda jami'o'i da dama ke so a samu a zama ɗaya. Wannan hanya shekara shida ce, kuma babu ruwanta da CGPA ɗin da mutum ya tara a wata makaranta. Ta biyu ita ce shiga aji biyu kai tsaye, shekara biyar, da sakamakon IJMB, wanda Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ke kula da shi, ko JUPEB, ko digirin farko a fannin kimiyya da ke da alaƙa da lafiya, yawanci mai daraja ta biyu babba. A nan ne makin da aka tara yake magana, a nan ne kuma majalisar kowace jami'a take da ikon gindaya sharuɗɗanta game da irin digirin da za ta karɓa da yadda aka same shi. Takardar shaidar aikin jinya kuwa ta fi buɗe ƙofar digirin jinya, ba ta likitanci ba, abin da kan zo wa wasu da mamaki bayan sun riga sun sayi fom.

Yadda aka yi karatu ba ya ɓoyuwa. Yana rubuce a takardar shiga makaranta, kuma Hukumar Yi wa Ƙasa Hidima, NYSC, ba ta tura waɗanda suka yi digirin rabin lokaci bautar ƙasa. Takardar cirewa take ba su.

Dalilin wannan tsauri ba raina ma'aikaci mai karatu ba ne, ko da yake shi ne yake ɗanɗana kuɗarsa. Hukumar Kula da Likitoci da Likitocin Haƙori ta Najeriya, MDCN, tana yanka wa kowace makarantar likitanci adadin ɗaliban da za ta horar, gwargwadon malamai da ɗakunan gwaji da gadajen asibitin koyarwarta. Gwamnati ta ƙara adadin a 'yan shekarun nan, amma masu nema sun ninka gurabe nesa ba kusa ba. Mai zaɓe yana son hujjar cewa ɗalibi zai iya ɗaukar ilmin sassan jiki da na aikin gaɓoɓi da na sinadaran jiki a lokaci guda, ya kuma halarci aƙalla kashi 75 cikin 100 na darussa kafin a bar shi ya zauna jarrabawa. Maki 4.50 da aka tara da darussa uku a zango bai amsa wannan tambaya ba, ko da kuwa mai shi ya tara shi ne bayan aikin dare a ɗakin haihuwa, wanda shi ma gwajin juriya ne da babu ma'aunin da ke lissafa shi.

Ba Najeriya kaɗai ke kallon abin ta haka ba. A Kanada, inda ake shiga likitanci bayan karatun digirin farko, wasu makarantu a lardin Ontario suna lissafa makin shekarun da ɗalibi ya ɗauki cikakken kaya ne kawai, su ajiye sauran a gefe.

Akwai kuma masu shiga Bayoloji ko Bayokemistri da niyyar sauya sheƙa bayan shekara ɗaya. Wannan ya dogara ga ko jami'ar tana yarda da sauyin, da ko akwai gurbin da ya rage cikin adadin MDCN, da kuma cin dukkan darussan aji ɗaya ba tare da kariyoba ba. Su kansu ɗaliban likitanci na aji ɗaya sai sun tsallake irin wannan shinge kafin su wuce aji biyu. Abin lura shi ne daga nan CGPA yake rasa tasirinsa: a jarrabawar ƙwararru ta MBBS makin ci 50 ne, kuma digirin ba shi da daraja ta ɗaya ko ta biyu.

Ga ɗan Jema'a ko Zangon Kataf ko Jaba, lissafin bai tsaya a maki ba. Jami'ar Jihar Kaduna, wadda aka kafa a 2004, tana da reshe a Kafanchan, amma kwalejin likitancinta tana birnin Kaduna, inda ɗalibai ke samun horo a Asibitin Koyarwa na Barau Dikko. Ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello suna Shika, na Jami'ar Jos kuma suna asibitin koyarwarta a Jihar Filato. Ma'aikacin da ya samu gurbi a ɗaya daga cikinsu sai ya nemi hutun ƙaro karatu ko ya ajiye aiki na aƙalla shekara biyar, sannan ya ƙara shekara ɗaya ta horon aiki a asibiti kafin MDCN ta yi masa cikakkiyar rajista. Sharuɗɗan kowace jami'a suna cikin kundin kwasa-kwasai da JAMB ke sabuntawa a shafinta na intanet kafin a fara sayar da fom na kowace shekara.