Watandar da ba a kasa namanta

Duk jajibirin Sallah za ka ga sa a ɗaure a lungunan Fagge, mutum goma ko ashirin sun haɗa kuɗi sun saya. In mahauci ya gama fiɗa sai a shimfiɗa buhuna, a kasa tsoka da ƙashi da kayan ciki. Mai kashi biyu ya kwashi biyu. Haka masu hayar sunan kamfani suke haɗa kuɗin talla, sai dai su nasu naman ba ya rabuwa.

Mutum ne zai buɗe gidan abinci da jarinsa, amma suna da tambari da salon girki duk na wani kamfani ne, kamar yadda UAC ta riƙa ba da sunan Mr Bigg's, wanda ta fara a Legas a 1986. Shago ɗaya ba zai iya ɗaukar nauyin talla a Freedom Radio wata da watanni ba, ga kuɗin allunan bakin titi. Ko da zai iya, me zai sa ya biya shi kaɗai? Wanda ya ji tallar a Adaidaita Sahu, reshen da ya fi kusa da shi zai shiga, ko na waye.

Shi ya sa ake yin asusu ɗaya, kuma gwargwadon ciniki ake zubi. A Amurka, McDonald's ta wajabta wa masu rassanta kashe aƙalla kashi 4 cikin 100 na cinikinsu a kan talla, wani ɓangare a asusun ƙasa da suka kafa a 1967, wani a asusun yanki da suke jefa ƙuri'a a kansa. A wannan lissafi, mai cinikin naira miliyan 10 a wata zai zuba dubu 400, mai miliyan 2 ya zuba dubu 80. Daga ciniki ake cira, ba daga riba ba, don haka ko watan asara ne sai ka biya.

Ko lemon da ake lodi a kasuwar Singa da irin wannan tsari yake tafiya. Nigerian Bottling Company, da aka kafa a 1951, mai masana'anta a Challawa, da izinin Coca-Cola take ɗura lemo, kuma uwar kamfanin da masu ɗura mata sun saba raba kuɗin talla tsakaninsu.

Rigimar tana wajen rabo. Ɗan watanda yana tsaye a kan namansa, in an cika masa ƙashi nan take zai yi magana. Mai reshe a France Road kuwa ba shi da ma'aunin da zai gane ko tallar ce ta kawo masa mutane ko cunkoson Sabon Gari. Babban mai zubi yana ganin shi ke ciyar da ƙananan, su kuma ƙananan suna ganin duk allunan a unguwarsa aka kafa. A nan Kano akwai ƙarin ƙorafi mai tushe: in a Legas aka tsara tallar, da Turanci, to kuɗin Bakano ya tafi kiran kunnen da ba nasa ba. A ganina, mai zubi yana da haƙƙin ganin littafin asusun da zaɓar gidan rediyo da harshe. Amma yawancin irin waɗannan yarjejeniyoyi suna faɗa ƙarara cewa kamfani bai yi alkawarin kashe wa yankinka daidai abin da ka zuba ba.