Abin Da Ke Hana Tiyon Tarakta Shiga Mahaɗinsa

Ƙarshen watan Afrilu a Mawashi, ta ƙaramar hukumar Kusada, lokaci ne na sharar gona da kai taki kafin ruwan farko ya sauka. A nan ne direban tarakta kan gamu da wani abin takaici: tirelar da ya kwance da safe lafiya lau, da azahar bakin tiyon haidurolik ɗinta ya ƙi shiga mahaɗin tarakta, ko da ƙarti biyu za su danna.

Mahaɗin lafiyarsa ƙalau. A cikin kowane baki akwai ɗan bawul da sifirin ke tokare da shi, wanda ke rufe hanyar mai da zarar an cire tiyo. Man haidurolik ɗin da ya rage a ciki sai ya zama a kulle. Idan an kwance tirela tana ɗage, nauyinta na nan danne da man. Idan kuma rana ta gasa ta, a yankin da zafi kan kai digiri 40, man zai nemi kumbura ya rasa wuri. A cikin bututun ƙarfe, ƙarin digiri ɗaya kacal na iya ƙara matsin da kusan bar 10.

Tun ƙarni na 17 Bafaranshe Blaise Pascal ya bayyana cewa ruwan da aka kulle yana kai matsi ko'ina daidai wa daida. Da wannan ƙa'ida Harry Ferguson ya gina tsarin ɗaga garma da taraktocin Massey Ferguson suka gada. Famfon tarakta kan tura mai da ƙarfin bar 170 zuwa 200, alhali iskar tayar ƙaramar mota ba ta wuce bar 2 da ɗoriya ba.

Shi ya sa dabarar buga bawul da guduma da ƙusa don rage matsin ke da haɗari. Tana lalata bakin mahaɗi, tana kuma iya feso mai a ido. Tsartuwar mai daga huji mai kamar bakin allura kan huda fata da matsin bar 7 kawai. Raunin sai ka ce sukar ƙaya, amma man yana cin nama daga ciki, kuma jinkiri na iya jawo yanke yatsa. Duk wanda abin ya sama a garzaya da shi asibiti, ko Kankia ko Katsina, a kuma gaya wa likita cewa mai ne ya shiga jikinsa.

Ƙwararrun makanikai suna bin matakai a jere. A sauke garma ko tirela ƙasa, a kashe inji, a kaɗa libar haidurolik gaba da baya sau da yawa domin man ya koma tanki. Idan matsin yana ɓangaren tirela ne, a ja ta inuwa ta huce, ko a naɗe notin tiyo da tsumma mai kauri, a sassauta shi da sifana sannu a hankali, fuska a kauce.

Sai a goge bakunan biyu tas, domin yashin gonakin gero da gyaɗa na Kusada da Kankia yana cinye famfo idan ya shiga mai. Wurin da ake zargin yoyo kuwa, da guntun kwali ake gwada shi, hannu na nesa da tiyo.