Likitan unguwa: yadda Faransa ta yaƙi tarin fuka da tunjere bayan yaƙi

Ɗan'uwa mai karatu, ka san ƙaramin gidan likita na unguwa ko na ƙauye, wanda ake ce ma disfansar. Wannan suna daga Faransanci ya zo. Bari ka ji yadda irin wannan gida ya yaɗu a Faransa, da aikin da ya yi.

Yaƙin duniya na farko ya fara a 1914, ya ƙare a 1918. Sojoji da yawa sun koma gida da cuta. Wasu da tarin fuka, wasu da cututtukan da ake ɗauka wajen kwanciya, wato ciwon sanyi da tunjere. Soja ya shiga gida, matarsa ta ɗauka. In tari ne, yara ma su ɗauka. In tunjere ne, yakan kama jariri tun yana ciki. Babban asibiti yana da nisa, talaka kuma ba ya da kuɗi.

To, me aka yi? Tun 1901 wani lokotoro mai suna Albert Calmette ya buɗe gidan likita na masu tari a garin Lil. A 1916, ana cikin yaƙi, gwamnati ta yi doka a buɗe irinsa a cikin ƙasa. A 1919 wata doka ta ce kowace jaha ta tanadi gidan jinya na masu tarin fuka. An kuma buɗe wuraren duba masu ciwon sanyi da tunjere kyauta.

A lokacin babu maganin da ke kashe ƙwayar tarin fuka. Amma likitan unguwa yana da aiki. Yana sauraren ƙirji. Yana duba kaki. Akwai mata ma'aikatan jinya masu bin gida gida. Su koya ma mutane buɗe taga, da raba wurin kwana, da daina tofar da kaki a ƙasa. Su kawo sauran mutanen gidan a duba su. Mai tunjere kuwa allura ake yi masa, wata da watanni. Masu yawa sukan gaji su bari da sun ji sauƙi, cutar kuma tana nan a ɓoye.

A 1921 aka fara ba jariri rigakafin BCG a Paris. Calmette da abokin aikinsa Camille Guérin suka samo shi. Shi ne lambar da ake yi ma jarirai a nan Nijar, mai barin ɗan tabo a hannu.

Magani na gaske ya zo lokacin yaƙin duniya na biyu, wanda ya ƙare a 1945. A 1943 aka ga penisilin yana warkar da tunjere. A wannan shekara aka gano sitireptomisin a Amurka, maganin farko na tarin fuka. Wani maganin, izoniyazid, ya biyo baya a 1952. Da magunguna suka zo, sai suka iske hanya a share: ga gidan likita kusa, ga ma'aikata da suka san gidajen mutane. Tari ya yi ta raguwa, har gidajen jinyar nan suka rufe ko suka koma wani aiki.

Ka ga ke nan, ƙwayar magani kaɗai ba ta isa ba. Sai an gano mai ciwo da wuri, an duba na kusa da shi, ya kuma sha maganin har ƙarshe.

Yau ma haka ne. In tari ya wuce sati 2, da zazzaɓi, da gumin dare, da rama, tafi likita a duba kakinka. Magani yakan ɗauki wata 6. Kada ka tsaya a tsakiya don ka ji ƙarfi, domin ƙwayar cutar tana iya dawowa ta daina jin magani. In kuma ka ga ƙurji a gaba, ko mugunya, ko zafin fitsari, kada kunya ta hana ka. Kada ka sayi ƙwaya a tebur. Ku tafi likita tare, kai da iyalinka. In an yi ma mutum ɗaya magani an bar ɗaya, cutar za ta komo.