Akuyar Sata da Gumin Sata

Duk wanda ya saba shiga karar dabbobi a kasuwar Ɗambatta ko ta Bichi ya taɓa ganin irin wannan. Baƙo zai zo janye da akuya mai ƙiba, a taya ta rabin kuɗinta, nan take ya ce ya sallama, yana ta waige-waige. Dillalin kirki ba zai biye wa arahar ba. Sai ya ce, "Malam, daga wane gari? Wa ya san ka a nan?" In amsa ta gagara, ciniki ya mutu, domin abokin ɓarawo ɓarawo ne.

Wannan tambayar ce manyan kasuwannin duniya suka fara yi wa kayan da ake kai musu. Akuya tana da kama, mai ita zai gane ta ko bayan shekara. Gumin mutum kuwa in an sace shi, sai ya ɓace cikin auduga ko koko, a ɗinka riga, a yi alewa, mai saye bai san da hawayen wani a ciki ba. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2021 mutum miliyan 27.6 ne ke aikin tilas.

Mu ba baƙin wannan labari ba ne. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe, alhali akwai sauran bayi a gandayen sarauta irin na Fanisau, kuma sai a 1936 doka ta soke bauta a Arewa. Daga 1942 zuwa 1944 aka yi ɗiban gwamna, aka kwashi dubban manoma zuwa haƙar kuza a Jos, sanyi da cuta suka kashe da dama. Gyaɗar da kuzar sun haye teku, masu saye ba su tambayi hannun da ya yi aikin ba.

Yanzu ana tambaya. Amurka tana da dokar hana shigar da kayan aikin tilas tun 1930, kuma daga Yunin 2022 take ɗaukar duk kayan da suka fito daga yankin Shinjiyang na ƙasar Sin a matsayin na tilas, sai mai su ya kawo hujjar da za ta wanke su. Tarayyar Turai ta yi tata dokar a 2024, za ta fara aiki a Disambar 2027.

Riɗi da zoɓon da ake lodi a kasuwar Dawanau su ma ƙetare suke zuwa, kuma tambayar za ta biyo buhu har gona. Aikin gayya halal ne, don kowa da ƙafarsa ya zo, ya sha fura, gobe a rama masa. Ɗan ƙodago ma an yi jinga da shi, in bai ga dama ba ya saɓa fartanyarsa ya tafi. Amma wanda aka ɗaure da bashin da ba ya biyuwa, ko almajirin da aka tura gona ba da sonsa ba, ya yini a rana ladansa ɗan tuwo, wannan an ci guminsa.

Don haka manomi da ɗan kasuwa, mu tsarkake buhunanmu tun daga kunya. A yi jinga a fili, a biya kafin a watse, wanda ya ce ya gaji a bar shi ya tafi. Yadda ba za ka yanka akuyar sata ranar sunan ɗanka ba, kada ka zuba gumin sata a rumbunka.