"Kawu, Yaushe Zan Tashi?": Abin da Jinyar Laka Ta Koya Mini a Agwada

Duk wanda ya girma a Agwada ya san idan Afrilu ya kama, a kan mangwaro ake neman yaro. Ni ma na hau, mahaifina ma ya hau. A irin wannan lokaci ne, shekara uku da suka wuce, ɗan ƙanwata mai shekara 9 ya taka busasshen reshe ya faɗo ta baya. Ina dawowa daga makarantar da nake koyarwa na hangi taro a gindin bishiya. Na same shi kwance, ba jini, ba wani rauni da ido zai gani, yana ta cewa, "Kawu, ina ƙafafuna?" Ƙafafun suna nan a miƙe, shi ne ba ya jin su.

Abin da na yi a lokacin shi ya fi ci mini rai har yau. Na sungume shi, na naɗe shi kamar tabarma, muka sa shi a tsakiyarmu a kan babur, muka bi gargada har muka samu mota zuwa Keffi. Ina ganin gaggawa ce taimako. Sai daga baya likita ya zaunar da ni ya ce, "Malam, wanda ya faɗo daga sama ko mota ta buge shi, in ya ce wuya ko baya na ciwo, ko ba ya jin ƙafa, kada a lanƙwasa shi." Ashe abin da ya kamata shi ne a ciro ƙyauren ƙofa ko a samo faffaɗan katako. Mutum ɗaya ya riƙe kan yaron da hannu biyu kada ya motsa, uku su mirgina jikin gaba ɗaya kamar gungume su ɗora shi, a tokare gefen kai da naɗaɗɗen zani, a ɗaure shi da katakon, sannan a nemi mota mai buɗaɗɗen baya. Ƙashin da ya goce zai iya ƙarasa lakar da faɗuwar ba ta gama da ita ba. A nan na gane ma'anar da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Hoton da bai nuna komai ba

Ƙashin baya jerin ƙananan ƙasusuwa ne guda 33, bakwai daga ciki a wuya, 12 a bayan ƙirji, biyar a ƙugu, sauran sun manne a ƙasa. A tsakiyarsu akwai rami, a ciki laka take kwance, kaurinta bai wuce ɗan yatsa ba. Ta cikinta saƙon ƙwaƙwalwa ke sauka zuwa hannu, ƙafa, mafitsara da hanji, ta nan kuma jin zafi da taɓawa ke hawa. Inda ta samu rauni, daga nan zuwa ƙasa saƙo ke tsayawa. Shi ya sa raunin wuya kan shafi hannaye da ƙafafu har da numfashi, na tsakiyar baya kuma ya bar hannaye lafiya.

Da aka ɗauki hoton ƙashin yaronmu, ba a ga karaya ba. Kafin la'asar labari ya kai gida, dangi suka yanke hukunci: tunda bature bai ga komai ba, iskar bishiya ce. Wata gwaggonmu ta aiko da hayaƙi, wani ya ce a sallamo shi a kai wa maɗori. Likitan ya yi mana bayanin da ya kashe maganar. Ƙashin bayan yaro yana da danƙo, yana iya miƙewa ya koma mazauninsa ba tare da ya karye ba, amma laka ba ta jure irin wannan jan. Likitoci biyu a Amurka, Pang da Wilberger, sun bayyana wannan a 1982, kuma an fi ganinsa ga ƙananan yara. 'Yan ƙasa da shekara 8 sun fi samun raunin a saman wuya, domin kansu ya yi wa jikinsu girma. Sai da aka tura mu Abuja aka yi hoton MRI, wanda ke nuna tsoka da laka, sannan aka ga ƙujewa da kumburi a ƙasan tsakiyar bayansa.

Ban raina maɗora ba, na ga hannayen da suka ɗora suka warke. Amma ja da murza a kan ƙashin baya ɓarna ce tsagwaronta. Addu'a kuwa mun yi, muna kan yi, a gefen gadon asibiti muka yi ta.

Zai yi tafiya?

Wannan ce tambayar da kowa ke yi, tun daga uwarsa har mai sayar da shayi a ƙofar asibiti. Likitan kirki ba ya amsa ta a makon farko, domin bayan rauni laka kan yi wani irin suma na kwanaki ko makonni, komai ya saki. Sai ta farfaɗo ake sanin abin da ya rage. Gwajin da ya fi muhimmanci ya ba mu kunya da farko: likita ya sa safar hannu ya taɓa gefen duburar yaron, ya tambaye shi ko ya ji. Jijiyoyin wurin su ne na can ƙarshen laka. Idan akwai ji ko motsi a nan, saƙo yana ratsa raunin ke nan, wato bai datse hanya gaba ɗaya ba, kuma fatan samun sauƙi ya fi yawa. Idan babu, kuma aka ɗauki lokaci a haka, da wuya tafiya irin ta da ta dawo. Namu ya ce ya ji kaɗan. A mako na shida babban yatsan ƙafarsa ta dama ya motsa, uwarsa ta rangaɗa guɗa a ɗakin marasa lafiya.

Mafi yawan abin da zai dawo yana dawowa ne cikin wata shida na farko, sannan ya ci gaba a hankali har shekara ɗaya ko biyu. Har yau babu allura, babu ƙwaya, babu sassaƙe da ke haɗa lakar da ta tsinke. Tiyata tana ɗauke abin da ya danne laka, ta daidaita ƙashi, kuma an fi son a yi ta cikin awa 24 idan ana buƙatarta. Duk wanda ya ce ku sayar da gona ya ba ku maganin da zai tayar da yaro cikin sati biyu, gonar yake so.

Akwai kuma shanyewar ƙafa da ba faɗuwa ta kawo ba. Tarin tibi yana cin ƙashin baya: yaro ya yi ta ciwon baya, yana rama, yana zufar dare, ɗan doro ya fito, ƙafafu su yi nauyi. Wannan yana jin magani idan aka kama shi da wuri, kuma maganin tibi kyauta ne a asibitocin gwamnati. Duk yaron da bai kai 15 ba da ƙafarsa ta saki farat ɗaya, a kai shi asibiti a ranar.

Abokan gaban da ba a gani

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum fiye da miliyan 15 ne ke rayuwa da raunin laka. A ƙasashe irin namu, gyambon kwanciya da ciwon mafitsara su ne suka fi ɗauke su. A lokacin Yaƙin Duniya na Farko, yawancin sojojin da suka samu wannan rauni ba su daɗe ba saboda waɗannan biyun. Wani likita Bajamushe da ya yi gudun hijira zuwa Ingila, Ludwig Guttmann, ya buɗe sashen masu raunin laka a asibitin Stoke Mandeville a 1944. Ya kafa doka a juya majinyaci duk awa biyu, dare da rana, a kula da fitsarinsa, a tashe shi ya yi sana'a da wasa. Gasar harbin kibiya da ya shirya wa mutum 16 a 1948 ita ce ta zama wasannin nakasassu na duniya da aka fara a Rum a 1960.

Mu sai da muka ƙone muka san wuta. Wata guda da dawowarmu gida, muka bar shi yana wuni a kan tabarma don tausayi, kada a dame shi. Wani jan tabo ya fito a ƙasan gadon bayansa, muka ce zafi ne. Cikin kwana goma ya zama rami. Wata huɗu muna wanki da ɗauri, gashin ƙashin da ake masa ya tsaya cak. Mai lafiya yana gyara zama ba tare da ya sani ba, domin fata tana kai ƙara. Tasa fatar ta yi shiru. Yanzu muna da ƙa'ida: juyi duk awa biyu a kwance, ɗaga jiki da hannu duk bayan minti 20 ko 30 a zaune, matashi tsakanin gwiwoyi, diddige a sama da katifa. Safe da yamma ana duba ɗuwawu da kwankwaso, shi da kansa yake riƙe madubi. Tabon da aka danna bai canza launi ba, ba a sake kwanciya a kansa sai ya ɓace. Da hunturu ba ya zama dab da murhu, ba a zuba masa ruwan wanka sai an gwada da gwiwar hannu, kuma salansar babur ta taɓa ƙona masa ƙwauri bai sani ba sai da muka gani.

Fitsari ne ya fi ba ƙanwata tsoro. Ranar da ma'aikaciyar jinya ta miƙo mata siririyar roba, ta dube ni ta ce, "Yaya, ba zan iya ba." Ta iya. Ana wanke hannu da sabulu, a sa robar a zubar da fitsarin, a cire, duk awa huɗu zuwa shida. Likita Jack Lapides ne ya nuna a 1972 cewa tsabta ta gida ta isa a yi wannan, kuma hanyar ta ceci ƙodar mutane masu yawa. Fitsarin da ya taru yana komawa sama ya lalata ƙoda. Zazzaɓi tare da fitsari mai wari ko gurɓata, asibiti ne kai tsaye, ba a tsaya cewa maleriya ce ba. Bayan gida kuma mun sa masa lokaci guda, bayan karin safe, muna yawaita masa ruwa, gwanda, zogale da miyar kuɓewa.

Waɗanda rauninsu ke daga tsakiyar ƙirji zuwa sama suna da wani haɗari na daban. Cikar mafitsara ko maƙarƙashiya kan sa jininsu ya hau nan take, da sarawar kai, zufa a fuska da toshewar hanci. A zaunar da yaron a miƙe, a sassauta tufafi, a duba fitsari, in bai lafa ba a garzaya asibiti.

Yaro kuma yana girma, wannan ne bambancinsa da babba. Kusan duk wanda ya samu raunin kafin balaga, ƙashin bayansa kan karkace a hankali, kwankwaso ma kan goce. Don haka ake komawa a duba shi ko ba ya ciwo. Keken guragun da ya dace da shi bana, baɗi ya matse shi.

Inda ake samun taimako

Mu mutanen Agwada, Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya da ke Keffi ce babban asibiti mafi kusa. Gaba da ita akwai Babban Asibitin Ƙasa na Abuja, asibitocin koyarwa na Gwagwalada da Jos, da Asibitin Ƙashi na Dala a Kano. Abin da na koya shi ne a roƙi masu gashin ƙashi su koya wa mutum biyu ko uku a gida yadda ake miƙar da gaɓoɓi, domin kuɗin mota zuwa Keffi kowane mako ya fi ƙarfin manomi. Kekunan hannu masu ƙafa uku irin waɗanda cibiyar Beautiful Gate ke ƙerawa a Jos sun taimaki dubban masu shan inna. Sai dai mai shan inna yana jin fatarsa, mai raunin laka ba ya ji, don haka kowane irin keke aka samu, sai da matashin zama mai kauri. A Legas akwai ƙungiyar masu raunin laka ta ƙasa. A Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna bambanci ga masu buƙata ta musamman, wadda ta ba su haƙƙin ilimi, ta kuma ba gine-ginen jama'a shekara biyar su samar da hanyar keke. Wa'adin ya cika, matakala na nan a yawancin wurare.

Mu ba mu jira ba. Iyayen yaran makarantarsa suka haɗa buhun siminti biyu, wani magini ya zuba gangare a ƙofar aji, aka keɓe lungu da labule don robar fitsari. Ranar da ya koma makaranta ya fi ranar da yatsansa ya motsa amfani a wurinsa. Na kan ba shi labarin mawaƙi Yinka Ayefele, wanda haɗarin mota ya taɓa lakarsa a 1997, yau yana da gidan rediyo a Ibadan.

Yanzu shekararsa 12. Yana tsayawa da ƙarafan ƙafa da sanduna, yana taka tsakar gida daga ƙofar ɗaki zuwa randa, makaranta kuma da keke yake zuwa. Ya daɗe bai tambaye ni yaushe zai tashi ba. Bana da mangwaro ya nuna, ya sa na ɗaure masa ƙugiya a bakin doguwar gora, ya tura kekensa gindin bishiyar nan. Na ji shi yana daka wa ƙaninsa tsawa: "Sauko! Ga gora."